Mazaunin Bishiya Don Farautar Barewa a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi Kan Wanda Ya Dace da Kai

A Amurka da Kanada, da zarar kaka ta shigo ganye ya fara ja yana zuba, miliyoyin mutane ke shiga daji farautar barewa mai farar wutsiya. A gabashi da tsakiyar Amurka, yawancinsu kwanto suke yi daga sama, a kan wani ɗan dandamali da ake maƙala wa bishiya. Shi ne mazaunin bishiya. Wanda ya fara shiga kantin kayan farauta yakan rikice, domin iri-iri ne, kowane kamfani kuma nasa yake yabo. Ga tambayoyin da sabon shiga ya fi yi, har da 'yan uwanmu mazauna can da abokan aiki suka fara ja zuwa daji.

Me ya sa sai an hau bishiya? Zama a ƙasa bai isa ba?

Ya isa a wurare da dama, kuma kowace shekara ana samun barewa daga ƙasa. Sai dai ita barewa da hancinta take rayuwa. Tana jiyo warin mutum daga nesa, in kuwa ta ji, abin da za ka samu shi ne wani huci mai ƙarfi da farar wutsiya a ɗage tana shigewa kurmi. Idan kana sama da mita 5, iska takan ɗauke warinka ta wuce da shi ta saman dabbar da ke kusa. Ɗaga baka ko juya wuya ma ya fita daga saitin idonta. Ga shi kana hango abin da ke tafe ta saman ciyawa tun bai iso ba, ka samu sukunin shiryawa. Akwai wata fa'idar da ba a cika ambata ba: harbin da aka yi daga sama ƙasa yake nufa, harsashin da ya kuskure yakan nutse a turɓaya maimakon ya tafi gonar wani.

Amma hawa bai kashe maganar iska ba. Da yamma, in sanyi ya fara sauka, iska takan gangaro da warinka har gindin bishiya, da hantsi kuma ta yi sama da shi. Barewar da ta sha farauta kuwa ta iya ɗaga kai ta duba bishiyoyi.

Iri nawa ake da su?

Masu dogara da bishiya huɗu ne. Akwai mai hawa da kansa, wanda suke kira kilaimba. Akwai na ratayawa, wanda ake hawa da sanduna a ɗaure shi a sama. Akwai mai tsani. Sai sirdi, wanda ake sawa a ƙugu a rataya da igiya. Ban da su akwai masu tsayawa da ƙafafunsu, wato mai ƙafa uku da ɗakin kwanto na kan hasumiya.

To wanne ya fi?

A daji ake amsa wannan tambaya, kafin a je kanti. Fara zuwa inda za ka yi farautar. Nemi hanyar da barewa ke bi daga makwancinta zuwa inda take cin 'ya'yan bishiyar ok ko masarar gona, ka lura da inda iska ta saba kaɗawa, sannan ka tsaya a inda ya kamata maharbi ya zauna ka kalli bishiyar da ke wurin. Miƙaƙƙiya ce marar rassa, ko karkatacciya ce mai rassa tun daga ƙasa? Rabin amsar ke nan.

Sauran rabin kuma: filin na waye, kuma yaya jikinka? Idan dajin gwamnati ne da kowa ke shiga, kana bukatar abin da za ka goya ka shiga da shi ka fito da shi. Idan gonar wani ce ya ba ka izini, kana iya kafa mai nauyi ka bar shi har ƙarshen kaka. Mai ciwon gwiwa ko baya, ko wanda shekaru suka ja, bai kamata ya biye wa abin da samari ke yayi ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ganin mutum ya sayi mazauni tukuna, sannan ya shiga daji yana neman bishiyar da za ta karɓe shi. Ƙarshenta ya zauna nesa da hanyar barewa, yana kallonta tana wucewa inda kibiyarsa ba ta kaiwa, don nan ne kawai kayansa suka iya hawa.

Yaya mai hawa da kansa yake aiki, kuma wa ya dace da shi?

Ɓangare biyu ne: na sama mai kujera, da na ƙasa wurin taka ƙafa. Kowanne yana da haƙoran ƙarfe da ke cizon bishiya ta gaba, da kebul ko bel da ya zagaye ta ta baya. Nauyinka ne ke sa haƙoran su kama. Kana fuskantar bishiya, sai ka ɗaga na sama ka ɗora nauyinka a kai, ka jawo na ƙasa da ƙafafunka, ka taka ya kama, ka miƙe ka sake ɗaga na sama. Haka za ka yi ta yi har ka kai inda kake so, ba tsani ba sanda.

Wanda ya fara yaɗuwa shi ne na kamfanin Baker na jihar Jojiya, a shekarun 1970. A lokacin mutum rungumar bishiya yake yi da hannu yana jan ƙafa, kuma tsofaffin mafarauta har yau suna ba da labarin yadda yakan sulale da mutum ƙasa, ƙirji duk ya ƙuƙƙuje. Na yanzu sun yi nisa da wannan. Summit Viper, ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sani, na alminiyam ne, nauyinsa kusan kilo 9, an ƙayyade masa ɗaukar laba 300, kimanin kilo 136. Kujerar wannan iri ta fi ta kowanne daɗin zama a cikin masu ɗaukuwa, abin da ke da muhimmanci a watan Nuwamba, lokacin barbarar barewa, sa'ad da mutum kan wuni a sama daga asuba zuwa faɗuwar rana.

Rauninsa ɗaya ne, amma babba: sai miƙaƙƙiyar bishiya marar rassa, mai kauri tsakanin inci 8 zuwa 20. Reshen farko da ka tarar, nan tafiyarka ta ƙare, kuma a yawancin dazukan gwamnati an hana sare reshe. Shi ya sa ya samu karɓuwa a kudu, a dazukan fayin na Jojiya da Alabama da Misisifi, inda bishiyoyi ke tsaye ƙyam. A ƙasar noma irin Ayowa da Kansas kuwa, inda bishiyoyin bakin rafi suke a karkace, sau da yawa ba ya da amfani. Yana kuma da ƙara wajen hawa in hannu bai faɗa ba, ga shi faffaɗa a baya, yana kama ƙaya in an shiga sarƙaƙiya.

Abu biyu kada su wuce ka. Bishiya tana sirancewa ne yayin da take yin sama, don haka a gindi ake saita dandamalin bakinsa na kallon sama kaɗan, yadda in ka kai mita 5 ko 6 zai dawo daidai. In ka saita shi daidai tun daga ƙasa, a sama zai sunkuya, ka wuni kana zamewa gaba. Gyara kebul kana sama kuwa ganganci ne, sauka za ka yi ka gyara. Na biyu, ka haɗe ɓangarorin biyu da igiyar da aka tanada. Na ƙasan yana iya kuɓuce wa ƙafarka ya zurare har gindi, ya bar ka zaune a sama ƙafafu na reto, cikin duhun asuba, babu ta sauka.

Na ratayawa fa?

Ɗan dandamali ne da kujera mai naɗewa, ana ɗaure shi da bel ko sarƙa. Ana isa gare shi da sandunan hawa, wato gajerun ƙarafa masu matakai 2 ko 3: ka ɗaure ɗaya a jikin bishiya, ka hau, ka ɗaure na gaba. Sanduna 3 ko 4 sukan kai mutum inda ake bukata.

Wannan shi ne wanda ba ya zaɓen bishiya. Mai rassa, mai doro, mai gwafa, duk yana zama, da yawansu ma suna da abin daidaitawa don bishiyar da ta karkata. Rassan da suke hana kilaimba hawa, a nan su ne suturarka. Kamfanin Lone Wolf, wanda Andrae D'Acquisto ya kafa a Wiskonsin a shekarun 1980, ya yi suna da dandamalin alminiyam na zubi guda, wanda ba ya ƙara in ƙarfe ya taɓa shi kamar yadda mai bututu ke yi. Masu sauƙin irin nan ba su wuce kilo 5 zuwa 7 ba, ban da sanduna.

Rauninsa shi ne wahalar kafawa. Kana sama, ka jingina da igiyar ƙugu irin ta ma'aikatan lantarki masu hawa falwaya, hannuwa biyu suna kokawa da bel, yatsu sun ƙage da sanyi. Wanda bai gwada da rana a ƙasa-ƙasa ba, kada ya fara a duhu. Masu gona sukan rataya da yawa tun kafin kaka, kowace safiya su zaɓi wanda iska ta yarda da shi. Ka tabbata matakin ƙarshe ya ɗara dandamali tsayi, yadda za ka sauko ne ka taka tsakiyarsa. Wanda ya miƙa ƙafa sama ya taka gefe, yana iya ture shi ya juya.

A ganina, in mutum zai mallaki guda ɗaya tak kuma lafiyar jikinsa ƙalau, wannan zan ce ya saya.

An ce mai tsani ya fi aminci. Gaskiya ne?

Ya fi sauƙin hawa, ya kuma fi kwantar da hankali, shi ya sa ya dace da dattawa da wanda zai hau da ɗansa ko matarsa, tunda akwai mai kujera biyu da ƙarfen ɗora bindiga a gaba. Tsawonsa yakan kai ƙafa 15 zuwa 20. Na baƙin ƙarfe ne, mai nauyi, ba abin da za a goya a yi nisa da shi ba. Inda ka kafa shi nan zai zauna, ko da barewa ta sauya hanya. Yana kuma fitowa fili, saboda haka a kafa shi makonni kafin buɗe farauta don dabbobi su saba da ganinsa.

Haɗarinsa yana ranar kafawa da ranar cirewa. Hawan farko ana yinsa ne kafin a ɗaure samansa, tsanin yana jingine kawai. Masu ƙera shi suna cewa a yi aikin da mutum uku, a giciya dogayen maɗaurai ta bayan bishiya a ɗaure su daga ƙasa, a sa ƙarfen tokare na tsakiya, a kuma tabbata ƙafafun tsanin sun zauna a ƙasa mai tauri kafin kowa ya taka. Mutane da yawa sun ji rauni saboda sun ce aikin bai fi ƙarfin mutum ɗaya ba.

Sirdin nan da ake ta magana a kai, yayi ne ko yana da amfani?

Yana da amfani ƙwarai. Wani faffaɗan maɗauri ne da ke tallafe ƙugu da mazaunai. Daga gabansa igiya ta haɗa ɓangarorin biyu, ita kuma an maƙala ta ga wata igiyar da ke zagaye da bishiya daidai kanka. Ƙafafunka suna kan wani ɗan dandamali ko 'yan matakai da aka ɗaura kewaye da bishiyar. Kana fuskantar bishiya, ka jingina baya. Shi kansa sirdin bai fi kilo ɗaya ba, ana tafiya da shi a jiki. Kana iya zagaya bishiyar ka sa ta tsakaninka da barewa, ka kuma yi harbi kusan ta kowace fuska. Abin da na fi so game da shi, ba a amfani da shi sai a ɗaure.

Ba sabon abu ba ne. John Eberhart na Mishigan yana farauta da shi tun farkon shekarun 1980, amma sai wajen 2018 ya bazu, da fitowar kamfanoni irin su Tethrd. Masu shiga can cikin dajin gwamnati, inda ake tafiyar kilomitoci a ƙafa, su suka fi rungumarsa.

Sai dai yana son koyo. Yakan matse ƙugu in ba a daidaita igiyoyin ba, gwiwa kuma tana shan gugar bishiya sai an sa mata kariya. Harbi ta ɓangaren da hannunka bai saba ba yana bukatar murɗa jiki, da kayan sanyi masu kauri kuwa abin ya fi wuya. Har yanzu kana bukatar sandunan hawa, in ka haɗa kuɗin komai zai iya fin na sauran. Wanda ya zaɓe shi ya kwashe bazara yana gwaji rabin mita daga ƙasa, yana harbi ta kowane gefe, har jikinsa ya san inda igiya take ba tare da ya duba ba.

Inda babu manyan bishiyoyi fa?

A kudancin Teksas, inda dajin gajerun itatuwan meskit ne masu ƙaya, ana amfani da mai ƙafa uku ko ɗakin kwanto a kan hasumiya. Ɗakin yana tare iska da ruwa, yana kuma rage wari. Dole a kafe ƙafafunsa da turaku da waya, don guguwa tana kifar da shi. A Jamus da Ostiriya ma hasumiyar katako ce al'adarsu, za ka gan su jere a bakin gonaki da dazuka.

Mai baka da mai bindiga, zaɓinsu ɗaya ne?

A'a. Mai bindiga yana amfana da ƙarfen gaba don ɗora ta, kuma ko yana nesa kaɗan da hanya ba laifi. Mai baka kuwa gabansa ya zama a buɗe, don ƙarfen nan yana iya bugun tsirkiya ko ƙasan bakan. Yawancin harbin kibiya a cikin mita 20 zuwa 30 ake yinsa, don haka dole ya zauna daidai inda barewa ke bi, wannan kuma ke tura shi ga na ratayawa ko sirdi. Mai harbi da hannun dama ya saita mazauninsa yadda dabbar za ta bi ta hagunsa. In zai harba ƙasa, ya lanƙwasa daga ƙugu, kada ya sauke hannun baka kawai, in ba haka ba kibiyar takan bi ta sama.

Tsayi nawa ya kamata?

Ƙafa 15 zuwa 20, wato mita 4.5 zuwa 6, shi ne abin da aka saba. Wuce haka yana sa harbi ya miƙe ƙasa sosai, sai kibiya ta sami huhu ɗaya maimakon biyu, dabba ta gudu da rauni ta mutu inda ba za a same ta ba. Wannan azabtarwa ce da asara. Rassa ko ganye a bayanka sun fi ƙarin tsayi amfani wajen ɓoye ka. A gangare kuma ka lura, barewar da ke saman tudu tana iya zama ido da ido da kai.

Nauyin da aka rubuta a jikin mazauni, na jikina ne kawai?

Har da kayan sanyi, takalma, jaka da makami. Ita ma ɗamarar tsaro tana da nata iyakar nauyi, a duba.

Dole ne a sa ɗamarar tsaro, ko da mai tsani ne?

Dole ne. A jihohi da yawa faɗowa daga bishiya ta fi haɗarin bindiga raunata mafarautan barewa, kuma raunin karayar ƙashin baya ne da ƙugu da kai. Mafi yawan faɗuwar tana aukuwa ne lokacin hawa, ko sauka, ko tsallakawa daga sanda zuwa dandamali. Wannan yana nufin wanda ya sa ɗamara amma sai ya zauna sannan ya maƙala ta, ya bar kansa a buɗe a daidai lokacin da ya fi bukatarta. Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yarda da ƙaddara, amma an hore mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Ɗamarar da ake nufi ita ce ta jiki duka, mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, igiyarta na fitowa daga tsakiyar baya. Ƙungiyar masu ƙera mazaunin bishiya, TMA, wadda aka kafa a 1995, ta sa tun 2004 mazaunan da suka cika ƙa'idarta suna zuwa da irin wannan a cikin kwali. Tsohon bel na ƙugu kaɗai, in ka gaje shi a wurin wani, jefar da shi. Yana iya kifa mutum kai ƙasa, ko ya haura ƙarƙashin haƙarƙari ya hana shi numfashi.

Yadda za ka kasance a ɗaure daga ƙasa har ka dawo ƙasa ya danganta da irin mazaunin. A kilaimba, kana ɗaura bel ɗin ɗamarar a bishiya tun kana gindi, kana tura shi sama a kowane mataki. A na ratayawa da mai tsani, ana ɗaura doguwar igiyar tsira daga saman mazaunin ta sauko har ƙasa. A jikinta akwai ƙullin Prusik, wanda wani mai hawan duwatsu ɗan Ostiriya, Karl Prusik, ya fito da shi a 1931. In ka tura shi da hannu yana zamewa, in nauyi ya fizge shi sai ya cije igiyar gam. Bayan ka zauna, igiyar ta kasance sama da kanka, ba sako-sako, yadda ko ka zame ba za ka wuce dandamalin ba.

Kada ka hau da makami a hannu ko a baya. Cire harsashi, ɗaura bindigar a siririyar igiya bakinta na kallon ƙasa, in ka zauna ka ɗaure sai ka jawo ta. Wajen hawa kullum gaɓoɓi uku su kasance a kame, hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. Ka kuma gaya wa wani takamaiman inda kake da lokacin dawowarka.

Idan na faɗi ɗamara ta riƙe ni, shi ke nan na tsira?

Da saura. Rataya a tsaye ba motsi tana sa jini ya taru a ƙafafu, mutum ya suma, har ta kai ga rasa rai. Yi ƙoƙarin komawa kan dandamali ko sanda nan take. In bai yiwu ba, fito da maɗaurin taka ƙafa da ke zuwa da ɗamarar, ka miƙe a kansa don sassauta cinyoyi, ka yi ta motsa ƙafafu kana tokarar bishiya. Waya da usur su zauna a aljihun ƙirji, don jakar da ka rataye a reshe ba za ta yi maka amfani ba. Wanda ya daɗe a rataye ya je asibiti ko da yana jin garau, ɗamarar da ta taɓa tare faɗuwa kuma ba a sake sawa.

Me doka ta ce?

Kowace jiha da tata, kuma tana sauyawa, saboda haka ka karanta littafin ƙa'idojin shekarar da ake bayarwa tare da lasisi. A yawancin dazukan gwamnati an hana buga ƙusa ko murɗa mataki cikin bishiya. A Mishigan ba a kafa mazauni a filin gwamnati kafin 1 ga Satumba, a kuma cire shi zuwa 1 ga Maris, da bayanan mai shi a jiki. A Fensilbaniya mako biyu kafin buɗe farautar barewa ake kafawa, a cire cikin mako biyu bayan rufewa. Alabama ta wajabta ɗamarar jiki duka a dazukan farauta da take kula da su. Barin mazauni a filin gwamnati bai mallaka maka wurin ba, kuma ana sata, don haka a sa kwaɗo.

Wace bishiya zan guje wa?

Matacciya, komai kyan wurin da take. Bishiyar ash ta zama abin tsoro tun da aka gano wani ƙwaro ɗan asalin Asiya kusa da Detroit a 2002, wanda ya kashe miliyoyinta. Tana tsaye kamar lafiya, cikinta ya gama ruɓewa. Mai kilaimba ya guji mai sulɓin ɓawo kamar bic da sikamo, da mai ɓawo mai ɓarewa kamar wani nau'in hikori, da duk wadda ƙanƙara ta lulluɓe. Ɗaga kai ka duba busassun rassa da sheƙar zirnako. In ka ga wata kuranga mai gashi-gashi tana bin jikin bishiya, kada ka taɓa, tana sa ƙuraje masu ƙaiƙayi ko da hunturu da ba ta da ganye.

Zan iya haɗa nawa da katako, ko in sayi na hannu?

Na katako da ƙusa ban ba da shawara ba. Bishiya tana girma tana kuma kaɗawa, ƙusa tana saki, katako yana ruɓewa ta inda ido ba ya gani. Wanda ka tarar a daji ba ka san mai shi ba ma, kada ka taka. Na hannu ba laifi in ka duba walda da ƙusoshi, ka sauya duk bel da kebul da sababbi na kamfanin, ka kuma bincika ko an taɓa janye samfurin daga kasuwa. Ɗamara dai sabuwa ake saye.

Ga Musulmi, akwai abin lura?

Ka ambaci sunan Allah lokacin sakin kibiya ko harsashi, in ka tarar da dabbar da sauran rai ka yanka ta. Mafarautan can sukan jira rabin sa'a ko fiye kafin su bi sawun jini, kai kuma hankalinka na kan yanka, to hukuncin wannan jinkiri ka ji shi daga malami tun kafin ranar. Kowane hali, kada ɗoki ya sa ka kwance igiya don saurin sauka. Bayan harbi jiki yana rawa, ka ba shi 'yan mintoci ya lafa, ka fara sauke makami sannan ka biyo baya.

Waɗannan kaya za su yi aiki a dazukanmu?

Kwanto a kan bishiya kusa da mashayar dabbobi ba baƙon abu ba ne ga maharbanmu. Amma an ƙera kayan nan ne don bishiyoyin can. Kuka ta yi kauri da sulɓi, gawo ƙaya ne, tsamiya da kaɗanya da ɗorawa suna rassa tun daga ƙasa, turare kuma ɓawonsa saɓulewa yake. In akwai wanda zai zauna, na ratayawa ne ko sirdi. Ga ƙudan zuma da macizai da ke zama a kogon bishiya. Sannan farauta haramun ce a gandayen da aka keɓe irin su Yankari da Gashaka Gumti da Kamuku, da gandun W na Nijar, kuma namun dajinmu sun ragu ƙwarai. Wanda zai fi cin moriyar wannan ilimi a wajenmu shi ne mai ɗaukar hoton dabbobi, da mai gadin daji, da duk mai hawa bishiya don ɗaura amya, musamman maganar igiya da ƙulli.

In kaka ta wuce, in bar shi a bishiya?

Sauke shi. Rana tana cinye bel, kurege yana gwaguyarsa, bishiya tana ƙara kauri ta ja shi har ya tsinke. Kebul mai rufin roba yakan yi tsatsa daga ciki, in ka ga robar ta tsage ko ta kumbura, sauya shi. Duba walda ko ta fara tsagewa, ƙara ɗaure ƙusoshi, sa mai marar wari a inda ke ƙara, ajiye a inuwa inda babu laima. Ɗamara tana da ranar ƙarewa a jikin tambarinta, yawanci shekara 5. Kafin kaka ta gaba, ɗaura mazaunin a gindin bishiya, tsayin gwiwa, ka hau ka taka kowane gefe da duk nauyinka kafin ka kai shi sama.